Muhawara: Fenti mai kaushi na bayan a-kori-kura a madadin fentin mota

Sani Mai Jif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tsohuwar Toyota Land Cruiser wadda na fi shekara goma ina hawa, injinta lafiya lau yake, amma fentinta ya gaji matuƙa. Rufi da bonet sun koɗe har ƙyallin sama ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, ƙofofin kuma sun sha karcen ƙaya, domin yawancin tafiyata a hanyar daji ce. Kwanan nan na ga hotunan motocin da aka fesa wa jikinsu gaba ɗaya irin shafin nan mai kaushi da ake yi wa bayan a-kori-kura don kada kaya su kwarzane ƙarfen, sai abin ya kwanta mini a rai. Tunanina shi ne, tun da yana da kauri, zai rufe tabon da ke jiki ba sai na sha wahalar gyaran bodi ba, kuma daga nan na huta da zancen karce. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi ko suka gani da idonsu, ba waɗanda suka gani a hoto kamar ni ba.

Nura Ɗan Daji: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ni na yi wa Hilux ɗina, yanzu shekara uku ke nan da 'yan watanni, kuma ban yi da-na-sani ba. Na yi amfani da Raptor na kamfanin U-POL, wanda ke zuwa a kwalabe, kowace kwalba mililita 750, sai ka zuba mata mililita 250 na sinadarin daskarwa, ka girgiza kamar minti biyu, ka ɗaura kwalbar a bindigar feshi ka fara aiki. Da zarar ka haɗa, kana da kimanin awa ɗaya kafin ya fara daskarewa a cikin kwalbar, idan kuma ana zafi lokacin bai kai haka ba. Na yi shafi biyu, na ba da tazarar awa ɗaya a tsakaninsu, na bar motar mako guda kafin na shiga daji da ita. Tun daga ranar, reshen da a da zai bar mini dogon layi tun daga fitila har zuwa ƙofar baya, yanzu ƙura kawai yake bari, in goge da tsumma ta tafi. Wanda motarsa ta aiki ce ba ta ado ba, ban ga abin da ya fi wannan ba.

Baba Mai Fenti: Sani, ɗana, na karanta tambayarka sau biyu, kuma jimla ɗaya ce ta tsaya mini a rai, wato inda ka ce ba sai ka sha wahalar gyaran bodi ba. A nan kuskuren yake, kuma shi ne kuskuren da yawancin masu zuwa wurina da wannan buƙata suke tafe da shi. Gaskiya ne kaushin yana ɓoye ƙananan karce da 'yar lotsawar da ba ta kai ta kawo ba, amma shafin ba ya kama ƙarfe da kansa, abin da ke ƙarƙashinsa yake kamawa. Idan ka fesa shi a kan ƙyallin da ka ce yana ɓarewa, to ka liƙa abu mai ƙarfi a kan abu marar ƙarfi, ranar da na ƙasan ya saki, na saman zai bi shi.

Aikin share fage daidai yake da na fenti na gari, in ma bai fi ba. Sai an wanke jikin da sinadarin cire maiƙo tun kafin a taɓa samfefa, domin in ka fara gogewa da maiƙo ko man ƙyalli a jiki, cusa shi kake yi cikin karcen. Sannan a goge ko'ina da samfefa mai kaushi, tsakanin lamba 80 da 180, har babu inda ke sheƙi, ciki har da lungun hannun ƙofa da gefen gilashi inda yatsa ba ya shiga da daɗi. Duk inda aka kai ga ƙarfe tsirara sai an shimfiɗa masa faraima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama ƙarfe, mafi kyau irin wanda ake kira ifoksi, duk inda yake roba kamar bamba sai an fesa masa sinadarin da ke sa fenti ya kama roba. Feshin kansa yini ɗaya ne, amma share fagen mota irin taka zai ci kwana huɗu ko biyar ga mutum ɗaya.

Bari in ba ka labarin wata jif da aka kawo mini. Mai ita ya ba wani gareji sun fesa mata irin wannan shafi, daga nesa kyakkyawa ce ƙwarai. Abin da ya kawo shi wani ɗan kumburi ne a ƙasan ƙofar baya, bai fi faɗin tafin hannu ba. Da na danna da babban yatsa sai na ji wurin yana lotsawa yana ƙara kamar busasshen ganye. Na sa wuƙa na yanka, sai jan ruwa ya tsiyayo, shafin ya ɗago a hannuna lafiyayye ba ko tsaga, bayansa kuwa babu ƙarfe, garin tsatsa ne kawai. Da fenti na gari ne, tun watannin farko zai yi bororo ya fashe, mai motar ya gani ya gyara tun abin yana ƙarami. Wannan kuwa ƙarfinsa ne ya riƙe ruwan a ciki, ya rufa wa tsatsar asiri har ta gama cin ƙofar.

Nura Ɗan Daji: Baba, ban musa maka ba, ni ma sai da na yi kwanaki ina guga har yatsuna suka yi kanta. Amma laifin da ka bayyana na mai aikin ne, ba na shafin ba, domin wanda ya fesa fenti na gari a kan tsatsa shi ma ɓarna ya yi. Kuma akwai inda nake ganin shafin ya fi fenti sauƙin gyara. Na taɓa bugun kututture da gefen bamba, wurin ya guntule, na goge shi na ɗiga sabo da ɗan soso, yau in ban nuna maka ba da wuya ka gane. Da fenti mai sheƙi ne, sai an sake fesa bambar gaba ɗaya kafin launi ya daidaita.

Baba Mai Fenti: A kan ƙaramin guntulewa na yarda da kai, Nura. Amma ka jira ranar da ƙofa za ta lotsa sosai. Mai gyaran bodi ba zai yi walda ko ya sa fila, wato abin cike lotsawa, a kan wannan shafin mai kama da roba ba, sai ya gurje shafin har ƙarfe, shi kuwa ba ya gurzuwa kamar fenti, cushe samfefa yake yi yana narkewa a bakin injin gurza. Bayan an gama kuma sai an kwaikwayi kaushin farko, wanda ya dogara da ƙarfin iskar kwamfiresa da nisan bindiga daga jiki da saurin hannun mai feshi a wancan yinin. Iska mai ƙarfi da nisa suna ba da kaushi ƙanana, iska kaɗan da kusanci suna ba da manya. Ko mutumin da ya yi na farkon ba lallai ne ya maimaita shi daidai ba, shi ya sa nake cewa duk wanda zai yi ya rubuta awon iskar da ya yi amfani da shi ya ajiye.

Injiniya Hadiza: Malam Sani, kafin a yi nisa ya kamata a bambanta abubuwan da ake kira da suna ɗaya, domin na lura kowa da irin wanda yake nufi. Akwai na ƙwararru, irin na Line-X da Rhino Linings, wanda sinadarin roba ne da ake kira foliyuriya ko foliyuretan ko gaurayensu, kuma yawanci ana fesa shi da zafi da matsin iska mai yawa daga injin da ke haɗa sinadaran biyu a bakin bindiga, ya daskare cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Akwai irin wanda Malam Nura ya yi amfani da shi, mai haɗi biyu da mutum zai iya yi da kwamfiresa ta gida. Akwai kuma wanda ake shafawa da rola, kamar Herculiner, mai ɓarɓashin roba a ciki, wanda kaushinsa ya fi dacewa da inda ake taka ƙafa fiye da jikin ƙofa. Kada kuma a haɗa su da baƙin shafin kwalta da ake fesa wa ƙarƙashin mota, domin shi ba ya taurara kamar waɗannan, rana tana tausasa shi.

Bambancin da ya fi shafar mai son rufe mota gaba ɗaya shi ne juriyar rana. Foliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937, iyali biyu ne a wannan fanni. Wanda ake kira aromatik yana da ƙarfi, amma hasken rana yana sauya masa launi, baƙi ya koma toka-toka, har ka shafa hannu ka ga gari kamar alli, fari kuma ya koma rawaya. Wanda ake kira alifatik shi ne ke riƙe launinsa. A bayan a-kori-kura koɗewa ba ta dame kowa ba, amma a kan bonet da rufi ita ce abin da ido zai fara gani, saboda haka a karanta takardar bayanin kayan a tabbatar yana jure rana, ko a tabbatar za a rufe shi da shafin sama mai kare shi.

Game da nauyi kuwa, lissafin ba shi da wuya. Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta kaurinsa bai cika wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita ba. Shafin ƙwararru a daɓen a-kori-kura yakan kai milimita 3, wato lita 3 a kowane murabba'in mita, kimanin kilo 3 ke nan. Idan muka ƙaddara jikin babbar jif murabba'in mita 12 ne, aka yi masa wannan kaurin, an ƙara mata abin da ya kusa kilo 40, kuma wani kaso nasa a kan ƙofofi da bonet yake, inda maratayin ƙofa da sandar riƙe bonet za su ɗauka. Irin na kwalba ya fi wannan siranta nesa ba kusa ba, lita takwas ba za su kai kilo goma ba, amma gwargwadon sirantarsa gwargwadon ƙarancin abin da zai ɓoye.

Sani Mai Jif: Na gode, Injiniya, ban san iri-iri ba ne. Ke nan na kwalbar nake nufi, domin da kaina nake son yi a cikin garejin gida, in rufe ƙofa saboda ƙura. Ina da takunkumin da nake sawa idan ina guga.

Injiniya Hadiza: Malam Sani, don Allah kada ka yi shi a rufaffen gareji da wannan takunkumin. Sinadarin daskarwar yana ɗauke da abin da ake kira aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata cutar asma. Haɗarinsa shi ne ba ya da warin da zai gargaɗe ka kafin ya yi yawa, kuma hazon feshin yana ci gaba da yawo a iska bayan ido ya daina ganinsa. Idan jiki ya riga ya tsane shi, daga baya ko ɗan kaɗan ya isa ya toshe wa mutum numfashi. A 2003 wani ma'aikaci a jihar Mishigan ta Amurka ya rasu sakamakon tashin asma bayan ya fesa irin wannan shafi a cikin wata motar ɗaukar kaya, kuma a 2006 hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a ƙasar ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan sana'a. Takunkumin ƙura ba ya tare komai a nan. Abin da hukumomin lafiyar ma'aikata ke cewa a yi amfani da shi wajen feshi shi ne takunkumin da ake turo masa iska mai tsafta ta tiyo, tare da safar hannu da rigar da ta rufe jiki, a wurin da ake zuƙe iska ana fitarwa, babu yara ko maƙwabta kusa. In ba ka da waɗannan, ka yi share fagen da kanka, ka kai wa mai ɗakin feshi ya fesa.

Wani abu kuma, wannan sinadarin yana haɗuwa da ruwa ya fitar da iskar gas, shi ya sa ake ganin ƙananan ramuka ko kumfa a jikin shafin idan akwai ruwa a tiyon kwamfiresa ko an fesa a kan jiki mai laima. A sa matatar ruwa a layin iska, kuma kada a yi aikin da sanyin safiya lokacin da raɓa ke kan ƙarfe.

Alhaji Dillali: Ni ba mai fenti ba ne, saye da sayarwa nake yi, kuma ta wannan fuskar zan yi magana. Idan aka kawo mini mota mai wannan shafi, tambayar farko da ke zuwa raina ita ce me ake ɓoyewa. Mota mai fenti na gari, in na tsaya a gefenta na kalli yadda haske ke bin ƙofa, na san inda aka taɓa buga ta, in na ɗora na'urar auna kaurin fenti ta nuna mini inda aka cika fila. Da wannan shafin duk hanyoyin biyu sun toshe, domin babu hasken da ke bin jiki, kaurin kuma ko'ina ya wuce na al'ada. Mai saye yana biyan kuɗi ne gwargwadon abin da ya iya tabbatarwa, abin da bai tabbatar ba sai ya rage. Masu son irin wannan kamanni suna nan, amma kaɗan ne, kuma wanda ba ya so ba zai ce zai saya ya sake fenti ba, domin cire shi ya fi sa shi wahala. In ka yanke shawarar yi, Malam Sani, ka ɗauki hoton kowane gefe bayan guga kafin feshi, ka ajiye, ranar sayarwa su ne shaidarka. Kuma in launi zai canza, ka duba dokar ƙasarka, domin a wurare da dama sai an gyara takardun mota an sanar da kamfanin inshora.

Nura Ɗan Daji: Alhaji ya faɗi gaskiya, ni dai ban yi niyyar sayarwa ba shi ya sa abin bai dame ni ba. Tun da ana faɗar aibi, bari in faɗi waɗanda na gani da kaina don kada a ce na yi son kai. Wanki ya zama aiki, domin jar ƙasa tana shiga cikin kaushin, tsumma ba ya fitar da ita, sai burushi da ruwa mai ƙarfi. Na taɓa kuskuren shafa man ƙyalli a bonet, ya maƙale a ramukan ya bushe fari fat, na yi sati ina fama. Sitika ba ta kamawa. Sannan na yi baƙi, rufin yana ɗaukar zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, da yau ne da na sayi irin wanda ake zuba wa launi, wanda ke karɓar har kashi goma cikin ɗari na fentin mota, in yi ruwan ƙasa mai haske. Na kuma cika shafi a bakin ƙofar direba, sai da na yi wata guda ina bugunta da ƙarfi kafin na haƙura na gurje gefen.

Baba Mai Fenti: Wannan na bakin ƙofa shi ne abin da ke raba mai hankali da mai gaggawa. Kada shafin ya hau inda robar ƙofa ke zama, domin roba ba ta manne wa kaushi, ruwa da ƙura za su samu hanya. Kada ya toshe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa, su ne ke fitar da ruwan da ya bi gilashi ya shiga. Kada ya rufe kan kusoshi, in ba haka ba ranar kwancewa sai an sa wuƙa. Wanda motarsa ke da na'urorin jin kusancin abu a bamba ya rufe su kafin feshi, domin kauri yana rikita su, ko da yake taka, Sani, ban tsammanin tana da su ba. Kafin ka sayi kayan mota guda, nemi tsohuwar ƙofa a wurin masu kayan gwangwan, ka raba ta biyu da tef, ka share fagen rabi yadda na faɗa, ka bar rabi yadda ka so yi da farko, a fesa duka, ka dawo mana da labari.

Sani Mai Jif: 'Yan zaure, na dawo bayan mako uku. Na bi shawarar Baba, na samu tsohuwar ƙofa mai ƙyalli yana ɓarewa kamar tawa, na goge rabi na sa faraima, ɗaya rabin wanke shi kawai na yi, na kai wa mai ɗakin feshi kamar yadda Injiniya ta ce. Da aka gama babu wanda zai iya bambanta ɓangarorin biyu. Bayan kwana bakwai na sa bakin kurfi a gefen da ban goge ba, sai ya ɗago, na kama da yatsu na ja, ya biyo ni faifai guda da tsohon ƙyallin manne a bayansa. Gefen da na goge kuwa kurfin zamewa yake yi, sai da na sa injin gurza, kuma faɗin tafin hannu biyu ya cinye mini faifan samfefa guda. Wata 'yar lotsawa da ke tsakiyar ƙofar ma ba ta ɓoyu ba, da rana ta karkata inuwarta tana nan. Abin da na yanke shi ne in yi shafin daga layin da ke tsakiyar ƙofofi zuwa ƙasa, da bambobi da bakin tayoyi, inda ƙaya da tsakuwa suka fi duka, sama kuma a yi fenti na gari mai haske. Tambayata ita ce wanne za a fara, kuma yaya zan samu layin rabuwar ya fita sak.

Baba Mai Fenti: Fara da fentin sama, ka bar shi ya bushe sosai yadda tef ba zai bar masa tabo ba, sannan ka ja layinka a kan lanƙwasar da ƙofar ta zo da ita, domin ido ya riga ya saba ganin layi a wurin. Ka goge har bakin tef ɗin, kada ka bar ko siririn sheƙi, domin daga nan ɓarewa ke farawa. Ka rufe saman da takarda gaba ɗaya har rufi, domin feshin yana tsalle fiye da yadda kake zato, kuma ɗigon da ya bushe a kan sabon fenti ba ya fita. Tef ɗin layin kuwa a cire shi bayan shafi na biyu tun yana da ɗan danshi, a ja shi a hankali, in aka bari ya daskare sai ya yage bakin ko ya maƙale a ciki. Kafin duk wannan, cire robar da ke ƙasan ƙofofin baya ka haska fitila ka turo mana hoton abin da ka gani a wurin.